Wata ukun ɗaukaka ƙara ba ya hana a yi gwanjon gidan jingina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin masu karatu kan wani kuskure da ke raba mutanenmu da muhallinsu a nan Jihar Kebbi, musamman manoman shinkafa da ke ajiye takardar mallakar gida a banki domin karɓar rance.

Wani maƙwabcina a Birnin Kebbi ya jinginar da gidansa, ya zuba kuɗin a fadama, ambaliya ta shanye gonar. Da biya ya gagara, banki ya kai shi Babbar Kotun Jiha, kotu kuma ta ba da umarnin a sayar da gidan. An shaida masa cewa yana da wata uku na ɗaukaka ƙara, kuma ba a yi masa ƙarya ba, domin wa'adin da doka ta ba wanda aka yanke wa hukuncin ƙarshe ke nan. Sai ya kwantar da hankalinsa yana harhaɗa kuɗin lauya, har safiyar da muka tarar da takardar gwanjo manne a ƙofar zaurensa, yaran unguwa sun yi cirko-cirko suna kallo.

Abin da ba a gaya masa ba shi ne, shigar da ƙara a Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato ba ya dakatar da hukunci da kansa. Wajibi ne a gabatar da roƙo na daban, da farko a gaban kotun da ta yanke hukuncin, cewa a jinkirta aiwatarwa har a saurari ɗaukaka ƙarar, in ta ƙi sannan a nufi Sakkwato da shi. Idan kuwa har an buga gwanjo, sashe na 47 na dokar aiwatar da hukuncin kotu ya ba da kwana 21 kacal na neman a soke cinikin, kuma sai mai gida ya nuna an saɓa ƙa'ida sosai wajen sayarwar, ya kuma tabbatar wa kotu cewa saɓawar ta jawo masa babbar asara. Kukan cewa gidan ya fi kuɗin da aka saye shi, shi kaɗai, ba kasafai yake isa ba.

Wasu na rataya fatansu a kan Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda ta wajabta amincewar gwamna kafin jingina. Gaskiya ne Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina a kan haka a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989, amma neman amincewar nauyin mai gida ne, kuma ni ban ga mutunci a ci bashi a fake da sakacin kai ba. Bashi hanji ne, kuma banki yana da haƙƙin a biya shi.

Roƙona ga mahukuntan shari'a na jiharmu shi ne, duk takardar hukuncin sayar da gida a haɗa ta da bayani cikin Hausa, har da ajami, mai fayyace waɗannan wa'adodi da inda ake shigar da kowane roƙo. Maƙwabcin nawa ya je wurin lauya kwana 30 bayan gwanjo, yanzu yana haya a ɗaki biyu da iyalinsa.

Naka,
Wani mai karatu,
Birnin Kebbi