Wasiƙa daga Bari

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayar da ka yi: wai yaya zama da surukai Turawa, ko har yanzu kallon baƙo suke yi mini?

Wallahi abin da ya fi ba ni wuya shi ne kunya. Ka san yadda muka taso: ba ka cin abinci a gaban surukarka, ka durƙusa ka gaishe ta ka tashi. A nan birnin Bari na kudancin Italiya kuwa, ƙin ci a gabanta shi ne rashin ladabi. Duk ranar Lahadi dangi kan taru a gidanta, a zauna tun azahar, wani lokaci har la'asar ba a tashi ba. Ita ke zuba mini da hannunta, tana duba ko na cinye. Sai da na daɗe kafin na gane cewa girmamawar da nake nufi da sunkuyar da kai, ita a kwanon da na share take ganinta.

Ni ma ta girmama ni. Mutanen nan naman alade da giya sun shiga girkinsu sosai, amma tun da 'yarta ta yi mata bayani ta ware tukunya, take kuma aikawa mahautar Musulmi a sayo nama. Da azumi har jinkirta abincin dare take yi sai rana ta faɗi. Wannan ya taɓa mini zuciya ƙwarai.

Yanzu tana koya mini orecchiette, taliyar da aka san Bari da ita. Garin alkama mai tsakitsaki da ruwa kawai, ba ƙwai. A murza, a yanka ƙanana, a ja kowane da bakin wuƙa, a juya shi a kan babban yatsa. A tsohon gari za ka ga mata zaune a ƙofar gida suna yin ta, hannu na aiki baki na hira.

A watan Agusta ake aikin tumatir, tamkar gayya: a sayo akwatuna, a tafasa, a niƙa, a ɗura a kwalabe, a sake dafa kwalaben cikin ganga, miyar shekara ke nan. Amma fa raina kan sosu, domin yawancin tumatirin yankin nan daga gonakin Foggia yake, inda 'yan uwanmu na Afirka ta Yamma ke tsinka cikin zafin rana, 'yan kwangila na zaftare musu lada. An yi doka a kan haka a 2016, zaluncin dai bai ƙare ba. Na faɗa wa surukina, ya yi shiru, daga baya ya koma saye wurin wani manomi da ya yarda da shi.

Batun takardar zama ɗan ƙasa, doka ta ce shekara 2 da aure ga mazaunin ƙasar, a rage rabi in akwai haihuwa, sai kuma jarrabawar harshe. Ita nake wa shiri yanzu, ka sa ni a addu'a.

In ka sami mai zuwa, don Allah ka aiko mini da kuka da daddawa da yaji. Surukata ta matsa sai na yi musu tuwo. Ka gaida Inna, ka ce ina neman albarkarta.

Wassalam,
Naka har kullum.