Zuwa ga Kawu: Amsar Tambayarka Kan Karatun Sadarwa

Kawu, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya.

A taron iyaye da malamai na makarantarmu ka miƙe ka tambaye ni ko magana ma sai an je jami'a an koyo. Ka ce sanƙira bai taɓa shiga aji ba, amma in ya ɗaga murya a kasuwar Ringim kowa sai ya waiwayo. Na san abin da ya kawo zancen: 'yarka ta nace sai karatun sadarwa, kai kuwa aikin jinya kake so mata. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a nan zan amsa.

Kan sanƙira kana da gaskiya. Zaƙin baki baiwa ce. Marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ba digiri ne ya ba shi harshen da ya riƙa sa zauren taro yin tsit ba. Sai dai karanta magana a matsayin ilimi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da balaga da rassanta uku: ma'ani da bayani da badi'i. Masanin Girka Aristotle ma, sama da shekara 2,300 da suka wuce, ya ce abu uku ke sa a yarda da mai magana: halinsa, da hujjarsa, da yadda ya taɓa zuciyar mai sauraro.

Abin da jami'a ta ƙara shi ne binciken dalilin da ke sa saƙo na gaskiya ya isa kunne amma a ƙi shi. A zaɓen Amurka na 1940, masanin zamantakewa Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa sun gano cewa mutane ba sa cika sauya ra'ayi don abin da rediyo ko jarida ta faɗa. Sai sun ji daga bakin wanda suka amince da shi a cikinsu. Mu kam mun ga wannan da idonmu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano saboda zargi, ba a ci gaba ba sai 2004, cutar kuma ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Maganin yana nan, sanarwa tana ta fita a rediyo, amma magidanci ya tsaya a ƙofar zaure yana cewa, zazzaɓin cizon sauro na kashe mana yara ba ku kawo komai kyauta ba, sai wannan ɗigon kuke bin mu da shi gida-gida? Tambaya ce mai ma'ana, kuma ba lasifika ce ke amsa ta ba. Sai da sarakuna da masu unguwanni da limamai suka shiga, sai da aka tura mata suka shiga gidajen da aka rubuta "ba shiga", suka zauna kan tabarma ana sussukar gero, suka bar uwargida ta gama fidda abin da ke ranta kafin su ce uffan. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali, wanda ake kira "wild polio". Wannan zaman tabarmar, Kawu, shi ne aikin da 'yarka take son koyo, kuma ƙofar da za a buɗe mata ba za a buɗe wa namiji ba.

Haka batun ambaliya. Duk shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, amma manomin bakin kogin Haɗejiya yana buƙatar wanda zai mayar masa da shi Hausar da zai yi aiki da ita: yaushe zai yi shuka, yaushe zai janye dabbobinsa zuwa tudu. Ɓarnar da ruwa ya yi a Jigawa a 2022 ba mu manta ba.

A Jami'ar Bayero akwai tsangayar sadarwa guda, har da gidan rediyonta inda ɗalibai ke koyon aiki. A 2020 hukumar jami'o'i ta ƙasa ta raba fannin gida bakwai, ciki har da aikin jarida, da watsa shirye-shirye, da hulɗa da jama'a, da sadarwa don ci gaban al'umma. Na ƙarshen nan nake hango mata. Za ta koyi tsara tambayoyi, da tantance labari kafin ta yaɗa shi, da tsayuwa gaban aji ta yi jawabi malami na ƙirga mata mintuna.

Ba zan ɓoye maka ba, aikin jinya ya fi saurin kawo albashi, kuma wasu gidajen rediyo ba sa biya da kyau. Damuwarka ta uba ce, ina ganin girmanta. Amma na koyar da yarinyar nan, na ga yadda take barin abokin muhawara ya kai aya kafin ta amsa, kuma a kan abin da ya faɗa take amsawa. Ina roƙonka ka bar ta ta cike fannin a fom ɗin JAMB. Ranar Asabar bayan la'asar zan zo gida da takardar darussan da ake buƙata, mu duba tare da mahaifiyarta.

Naka,
Malamin Hausa na makarantar sakandaren garinmu