Wasiƙar godiya ga Alhaji mai shagon tiyo da kayan layin mai a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Alhaji, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago, na rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne domin godiyar baki da baki ba ta ishe ni ba. Kun ce kada in ambaci sunan shago, na kuwa kiyaye. Amma aikin da kuka yi mana ba zan ɓoye shi ba, ina so 'yan'uwana masu sana'ar ƙarfe da makanikai su ji.

Ni mai walda ne. Ni da ƙanena, wanda ya yi karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, muka ɗaura niyyar haɗa 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu da hannunmu. A Ingila wannan tsohon abu ne. A 1957 kamfanin Lotus ya fara sayar da motarsa mai suna Seven gunduwa-gunduwa, mai saye ya haɗa abarsa a gida, daga 1973 kuma Caterham ya karɓi aikin. Mu nan ba mai aiko mana kaya a kwali. Firam mu muka yanka muka yi masa walda, tanki ma mu muka lanƙwasa. Injin kuwa 4A-FE ne na Toyota Corolla, mai lita 1.6, mai nozul, ba mai kafireto ba. Da muka iso kan yadda fetur zai bar tanki ya kai ga inji, sai muka nufo shagonku.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba ku yi saurin ɗaukar wuƙa ba. Cewa kuka yi, "Malam, kafin in yanko maka ko taku ɗaya, gaya mini wane inji ne, kuma ina famfon mai zai zauna." Kuka jawo murfin kwali kuka yi lissafi a gabanmu. Inji mai ƙarfin doki ɗari da 'yan kai, ko an taka totur har ƙasa, shansa bai kai lita 40 a awa ɗaya ba, saboda haka bututu mai faɗin milimita 8 ya wadatar da shi har da rara. A lokacin idon ƙanena yana kan wani tiyo mai saƙar waya a jiki da kawuna masu sheƙi, irin wanda ake kira AN-6. Kuka bayyana masa cewa shidan nan tana nufin shida cikin goma sha shida na inci, wato kusan milimita 10, kuma wannan injin ba ya bukatarsa. Kuɗinsa ya ninka na wanda kuka ba mu, kuma a shirye muke mu biya. Ku da kanku kuka mayar da shi kan ƙusa. Ban san 'yan kasuwa nawa za su yi haka a wannan zamani ba.

Inda kuka ƙi sassauci kuwa shi ne irin tiyon. Kuka ajiye guda biyu a kan kanta, dukkansu baƙaƙe, kaurinsu ɗaya, ido ba zai raba su ba. Kuka juya su wajen haske, kuka sa farce ƙarƙashin ɗan siririn rubutun da ke jikinsu. Ɗaya an rubuta SAE J30R7, ɗayan J30R9. Na farkon na ƙaramin matsi ne, irin na kafireto, inda matsin fetur bai kai rabin bar ɗaya ba (bar shi ne ma'aunin matsi). Motar nozul kuwa tana aiki da wajen bar uku, kuma matsin nan yana zaune cikin layi ko bayan an kashe mota. Na biyun shi aka yi domin wannan, da wata shimfiɗa ta musamman a cikinsa. Har kuka ƙara da cewa da a cikin tanki famfon zai zauna, guntun tiyon da zai nutse cikin fetur sai J30R10, domin sauran bayansu yana kumbura ya ruɓe. Wallahi wannan magana ta tsaya mini a rai, domin tiyon da ya tsage a kan matsin bar uku ba ɗiga yake yi ba, feshi yake yi, ga salansa da zafi a gefe, ga mutum biyu zaune a ciki.

Layin da ke mayar da rarar mai zuwa tanki kuka ce shi ma mu bar shi milimita 8. In aka matse shi, regileta, wato abin da ke daidaita matsin mai, ba ta samun hanyar zubar da rara, matsi ya hau, inji ya riƙa shan mai fiye da kima har fulogi su yi baƙi.

Wuri ɗaya ne kawai kuka ƙara mana faɗi, tsakanin tanki da famfo. Nan kuka ba mu milimita 10, kuka ce ya zama gajere, famfon kuma ya zauna ƙasa da tanki, da matatar fetur mai manyan ido a gabansa, mai ƙananan ido a bayansa. Dalilinku shi ne famfon lantarki gwani ne wajen turawa amma rago ne wajen zuƙowa. Duk wanda ya san Afrilu a Kabi, zafi ya haura digiri 40, kwalta na tururi, zai gane abin da kuke gudu: fetur mai zafi in aka zuƙe shi ta ƙuntatacciyar hanya sai ya koma kumfa, famfo ya dinga kuka, mota ta mutu a tsakiyar titi.

Babban yaronku ma ya cancanci yabo. Da muka zo kan kawunan haɗi, ya ɗauko biyu waɗanda zarensu yake shiga juna sumul, ya shafa wa bakin ɗaya tawadar maka, ya ɗaure da hannu, ya kwance. Sai ga tawadar ta goge a wani siririn zobe kawai, sauran bakin ko taɓa juna bai yi ba. Ɗaya bakinsa digiri 37 ne, ɗayan 45. Za su ɗauru, amma ba za su riƙe fetur ba. Shi ne ya hana mu naɗa farin tef ɗin masu aikin famfo, don guntayensa suna tafiya su toshe nozul. Shi ne kuma ya ba mu kilif mai santsin ciki maimakon mai ramuka da ke cin roba, ya ce kowane bakin bututun ƙarfe a yi masa ɗan tudu kafin a sa tiyo. Bututun jan ƙarfe na masu gyaran firji kuwa ya ce mu nisance shi, girgiza tana taurara shi har ya tsage.

Ranar gwaji kuka turo shi garejinmu da gejin matsi da tukunyar kashe gobara, ba ku karɓi ko sisi a kan haka ba. Ya kunna famfo inji a kashe, allura ta hau wajen uku ta tsaya. Ya bi kowace mahaɗa da farar takarda tun daga tanki har kan inji, takardar ta fito a bushe. Bayan haka muka bi hanyar Kalgo har Jega da tsakar rana muka dawo, ba warin fetur, famfo bai canza murya ba.

Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi a kasuwa, ya jiƙan magabata. Yaran da kuke koya wa wannan aiki Allah ya yi musu albarka. Ƙanena yana gaishe ku, ya ce in gaya muku zai shigo ranar Asabar a kan maganar layin birki.

Naku,
wani mai walda a Birnin Kebbi