Takardar Koke Zuwa ga Mai Girma Hakimi Kan Awon Igiya da 'Yan Safiyon Bogi

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Mai Martaba Sarki lafiya.

Mu ne talakawanka mazauna sabbin unguwannin da suka tashi a kan tsofaffin gonakin ƙasarka, a gefen birnin Kano. Mun daɗe muna kai ƙarar juna gaban masu unguwanni kan iyakar fili, yau mun ga gara mu kawo maka tushen rigimar gaba ɗaya.

Yawancinmu filin awon igiya muka saya, ba mu ɓoye ba. Mai gona ya kira dillali, dillali ya zo da igiya da yara biyu, a ja a ce nan ƙafa hamsin-hamsin ne, a kafa bulo ko a binne kwalba a kusurwa. Igiyar da aka ja da rani ba ita ce ta damina ba, kuma idan yaron da ke riƙe da bakinta ya naɗe ta sau biyu a hannu, ƙafa guda ta tafi. Bayan shekara uku bulon ya yi tafiya da dare. A wani layinmu an bar hanya da faɗinta, amma kowa ya ɗan matso da katangarsa, yanzu ko kurar mai ruwa sai ta jira wata ta wuce. Ranar da aka yi rasuwa a layin, sai da aka karkata makara kafin ta fita. Filin da aka ware wa makaranta kuwa ya zama gidaje huɗu, kowanne da takardarsa.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne masu zuwa da na'ura mai ƙafa uku da riga mai ƙyalli suna cewa su 'yan safiyo ne, wato ƙwararrun masu auna fili. Wata baiwar Allah mai riƙon marayu ta sayar da awakinta ta biya ɗaya daga cikinsu, ya zana mata taswira. Da ta kai neman takardar shaidar mallaka aka ce mata babu hatimin safiyo mai rajista a jiki, lambobin turakun iyakar ma ba su dace da komai ba. Mutumin ya kashe waya.

Ranka ya daɗe, doka ba ta yi shiru ba. Tun 1989 aka kafa hukumar SURCON da doka mai lamba 44, ita ke yi wa masu safiyo rajista a Najeriya, kuma wanda ba ya cikin littafinta ba shi da hurumin sa hannu a taswirar fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna amana, ta kuma ce kowace ƙaramar hukuma ta sami kwamitin ba da shawara kan rabon ƙasa. Jiharmu tana da hukumar KANGIS mai ajiye bayanan filaye a kwamfuta. Sai dai duk wannan bai iso bakin gona ba, inda ake ciniki da la'asar a ƙarƙashin darbejiya.

Roƙonmu na farko yana hannunka, ba sai an je ko'ina ba: ka umarci dagatai da masu unguwanni kada su buga hatimi a takardar cinikin gonar da aka yanka sai an nuna musu taswira mai hatimin safiyo mai rajista, da hanya da magudanar ruwa a zane. A kuma liƙa sunayen masu rajistar a ƙofar fadarka, domin talaka ya san wa zai kira.

Sauran kuma sai da bakinka. Muna roƙo ka kai maganar fadar Mai Martaba da gaban shugaban ƙaramar hukuma, daga nan ta isa Majalisar Dokokin Jiha ta hannun wakilinmu. A yi tanadi mai tsauri kan wanda ya tumɓuke turken iyaka ko ya yi sojan gona da aikin safiyo. Amma a haɗa da sauƙi, don gaskiya tsada ce ta kora mu wajen igiya. Idan aka yarda unguwa guda ta haɗa kuɗi a auna ta lokaci ɗaya a kan farashin da aka ƙayyade, kowa zai iya. Masu jan igiyar ma 'ya'yanmu ne, ba mu ce a kore su ba; a koya musu aiki su riƙa bin mai rajista.

Mun tattara kwafen takardun cinikinmu, dattawan kowane layi sun sa hannu a bayan wannan takarda. Duk ranar da ka sa mana, za mu zo da su, ko kuma mu raka wakilinka ya taka layin nan da ƙafarsa ya gani.

Allah ya taimake ka.

Talakawanka masu biyayya,
Dattawa da matasan sabbin unguwanni