Zuwa ga ɗana da ya gama bautar ƙasa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da kawunka da iyalinsa. Mamanka tana gaishe ka.

Kawunka ya ce tun da ka ajiye kakin bautar ƙasa ba ka tashi sai hantsi ya dubi ludayi, dare kuwa kana kan waya har ƙarfe 2. Ban ga laifinka sosai ba. Shekara guda wani ne ke tsara maka lokaci, ga alawus na naira 77,000 duk wata, rana ɗaya duka suka yanke. To amma neman aiki ma yana da lokacin shiga da na tashi, kuma yanzu babu mai tsara maka sai kai.

Daina komawa barci bayan Asuba. Ka yi wanka, ka sa kaya kamar mai zuwa ofis, ka zauna daga ƙarfe 8 har Azahar, kana duba shafukan neman aiki na intanet irin su Jobberman da LinkedIn, da shafukan hukumomi. Gara ka tura wuri biyu bayan ka gyara CV, wato takardar bayanin karatunka da ayyukanka, daidai da abin da suka nema, a kan ka watsa ashirin iri ɗaya. Sayi littafin rubutu ka ja layi: sunan wurin, ranar da ka tura, ranar rufewa, amsar da ta zo. Kada ka ce kai zai riƙe, ba zai riƙe ba. In aka kira ka ganawa bayan wata biyu, littafin ne zai tuna maka gurbin da ka nema, kada ka tsaya kana kame-kame a waya.

Bayan La'asar ka fita. Aiki da yawa ba a tallata shi, a wajen ɗaurin aure ko bakin masallaci ake jin labarinsa. Ka ziyarci abokan karatunka da suka samu, ba kunya a ciki. Ranar da ba inda za ka, zauna shagon kawunka ka riƙe masa lissafi.

Sai masu sayar da gurbi. Cike takardar neman aikin Kwastam ko na Shige da Fice kyauta ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sa sunanka, kada ma ka kira ni a kansa, gonata ba ta sayarwa ba ce.

Na tura maka kuɗin data ta hannun kawunka. Zan kira ka ran Lahadi bayan Isha'i, ka karanto mini abin da ke cikin littafin. Allah ya yi maka albarka.

Babanka