"Wai" da "da" a bakin Jamusawa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da maiɗakinka da yara. Ni ma alhamdu lillahi, sai sanyin Hamburg da ya fara ratsa ƙashi.

Ka tambayi karatun Jamusanci. Awa 600 ne na harshe, a ƙara 100 na dokokin ƙasa da tarihinta, kuma matakin B1, wato matsakaicin iya harshe, ake so mu kai. Yanzu mun iso inda ya ɗaure mini kai, kuma da yake kai malamin Hausa ne na ce sai ka ji.

Aikatau ɗinsu hali uku gare shi: na faɗin abin da yake, na umarni, sai wanda suke kira Konjunktiv, shi kuma gida biyu ne. Na farkon "wai" ɗinmu ne, sai dai su a cikin aikatau suka cusa shi. "Er ist krank", ba shi da lafiya. "Er sei krank", wai ba shi da lafiya. A labaran ƙarfe takwas na dare, in ana kawo maganar minista, da ka ji "sei" ko "habe" to mai karanta labaran ya zare hannunsa ke nan, maganar ta minista ce. A titi da wuya ka ji shi, in ban da "Gott sei Dank", godiya ta tabbata ga Allah.

Na biyun ne ya ba ni ruwa. Shi ne "da ina da kuɗi, da na zo": "Wenn ich Geld hätte, käme ich." To "hatte" abin da ka taɓa mallaka ne, "hätte" kuwa buri. Ɗigo biyu kacal ya raba su, kamar lanƙwasar da ta raba kafa da ƙafa, kuma kunnena bai gama kama su ba.

Da wannan na biyun kuma suke ladabi. Makon farko na ce wa mai burodi "Ich will Brot", ina son burodi, ta yi mini wani kallo da har yau ban manta ba. Ashe "Ich hätte gern", wato "da zan so", ake cewa. Mu mukan sa "don Allah" a gaba, su kuma sai su sassauta aikatau, kamar buƙatar ba ta riga ta tabbata ba.

Batun zuwa babbar sallah, ka gaya wa Inna har yanzu yana cikin "hätte", ba a tabbatar mini da hutu ba tukuna. Kuɗin maganinta kuwa na tura ranar Litinin, ka duba.

Ƙaninka