Wasiƙa zuwa Fatakwal: Kurmar da ta Ci Gasar Rawa

Daga gida, ƙasar Gumel,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya Fatakwal, yaya kasuwa, yaya haƙurin zaman nesa da gida? Mu nan lafiya lau, sai hunturu da ya sauko da ƙarfinsa, hazo ya rufe gari. An gama sussuka, riɗi ya yi kyau bana, nawa ma na kai Maigatari na sayar da rabi na ajiye rabi. Inna tana gaishe ka da kyau, ta ce in tuna maka alkawarin manjanta.

Dalilin rubuto maka shi ne wani abu da na kalla ya tsaya mini a rai, kuma ba magana ce da zan ɗauko a majalisar ƙofar masallaci ba, don kafin in kai ƙarshenta an yi mini wata fassara. Kai kuwa ka san ni tun muna kiwon awaki. Rawa ce, mutumina, rawar Turawa ta mace da namiji.

Ka san ƙanena yanzu ya kafa shagon cajin waya da turin fina-finai a bakin tasha, har ya sa sola. Shi ne wata rana bayan la'asar ya kira ni, ya ce, "Yaya, zo ka ga wani Hamza ɗan Sudan ya cinye Turawa a wasansu." Sunan ne ya ja ni. Ashe wani shiri ne na gidan talabijin na BBC a Ingila, sunansa Strictly Come Dancing, wanda aka fara tun 2004. Amurka ma sun ɗauka suka yi nasu a 2005, Dancing with the Stars. Yadda abin yake, ana ɗebo fitattun mutane waɗanda rawa ba sana'arsu ba ce, ɗan wasan kwaikwayo, mai karanta labarai, ɗan ƙwallo, mai ban dariya, a haɗa kowanne da gwani ko gwanar rawa ta koya masa. Kowane mako sabuwar rawa za su koya, ranar Asabar da dare su fito gaban jama'a. Yau tango ta Ajantina, wani makon samba ta Barazil, wani makon wadda ake kwaikwayon wasa da bijimi ta Sifaniya. Alƙalai huɗu ne, kowanne yana ɗaga allonsa da maki daga 1 zuwa 10, mafi yawa ke nan 40. Masu kallo a gida su ma suna jefa ƙuri'a. Waɗanda suka zo ƙarshe su biyu sai su sake karawa, a sallami ɗaya. Haka ake ta tankaɗe da rairaya tun daga watan Satumba har dab da Kirsimeti, wanda ya rage a ba shi kofi, wata ƙwallo mai ƙyalli.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai abin da raina bai so ba, kuma har gobe ba zai so ba. Shigar matan ba tamu ba ce, riƙon da suke wa juna ba tarbiyyarmu ba ce. Akwai wuraren da nake kawar da kai, akwai waɗanda na ce ƙanena ya goge daga memorin kafin ya shigo da shi gida. Ba na fatan in ga an kawo irinsa dandalinmu. Amma a cikin abin na tsinci wani abu daban, kuma shi nake so ka ji.

Hamza Yassin ɗin nan a Sudan aka haife shi, yana ɗan shekara 8 aka kai shi Birtaniya. Sana'arsa ɗaukar hoton tsuntsaye da namun daji, a wani ƙauye yake zaune can bakin teku a Sikotilan. Ƙato ne, ga gashi har gadon baya da wucewa, ka rantse ba zai iya juyi biyu ba. Amma in ya taka sai ka ga ƙafar kamar ba ta taɓa ƙasa. Ya ɗaga malamarsa Jowita sama ya sauke ta lafiya, sannan ya tsaya gaban alƙalai kansa a ƙasa, da ladabi irin na ɗan gidan mutunci. Shi ya ci gasar 2022. Cikin alƙalan akwai wata 'yar Afirka ta Kudu, Motsi Mabuse, wadda ƙanwarta Oti ta ci gasar sau biyu a jere tana koyarwa, 2019 da 2020. Akwai kuma wani Craig, mai tsanani da rowar maki, tun farkon shirin yake nan. In kowa ya ba da 9 shi zai ba da 7, ya kuma faɗi dalili: ka lanƙwasa gwiwa, ka saki kafaɗa, hannunka ya yi sanyi. Jama'a su yi masa ihu, ko a jikinsa. Ni dai a matsayina na malamin makaranta na fi ganin amfaninsa, domin ranar da ya ɗaga 10 kowa ya san an ci ta da gumi.

To daga Hamza ne ƙanena ya koma baya ya turo mini na 2021, ya ce, "Wannan don Auta na kawo maka." Ban gane nufinsa ba sai da na zauna.

Wata yarinya ce, Rose Ayling-Ellis, 'yar wasan kwaikwayo. Kurma ce tun haihuwa, kuma ita ce kurma ta farko da ta taɓa shiga gasar. Aka haɗa ta da wani ɗan Italiya, Giovanni Pernice. Ka tsaya ka yi tunani: gasar da gaba ɗayanta bin kiɗa ne, ga wadda kiɗan ba ya isa kunnenta sai ɗan abin da na'urar da take maƙalawa ta kamo mata. Lissafi take yi a zuci, ɗaya, biyu, uku, huɗu, tana karanta motsin jikin malaminta, tana maimaitawa har ƙafa ta haddace. Shi kuma ya koyi maganar hannu don su fahimci juna, gidan talabijin ɗin ya ajiye mata tafinta. A mako na shida suka yi tango, alƙalai huɗun nan, har da mai rowar, kowa ya ɗaga 10. Ba a taɓa samun 40 da wuri haka ba a tarihin shirin.

Amma wadda ta karya mini zuciya ita ce ta watan Nuwamba. Sun fito ba takalmi, kiɗa na tashi, suna rawarsu. Can tsakiya sai ta ɗora hannuwanta a kan kunnuwansa, kiɗan ya ɗauke ɗif. Na zaci waya ce ta samu matsala, har na kai hannu zan ƙara sauti. Ashe da gangan ne. Suka ci gaba da takawa cikin shiru, ba su ɓata ko taku ɗaya ba, zauren nan duk ba ka jin ko tari. 'Yan daƙiƙoƙi ne kawai, kiɗa ya dawo. So take masu ji su ɗanɗana duniyar da take ciki kullum. Wallahi mutumina, ina zaune a kan tabarma a zaure sai na ji hawaye na bin fuskata. Tun shekarar da sanƙarau ya kama Auta ya tafi da jinta, daren da ka goya mu a babur ɗinka zuwa asibiti, nake zaune da yarinyar nan gida ɗaya, ina ganin ta kullum, amma sai a daƙiƙoƙin nan na ji a jikina yadda ranarta take wucewa. A watan Disamba Rose ta ɗauki kofin. A 2022 kuma majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta amince da maganar hannunsu a matsayin harshe, kuma ita ma tana cikin waɗanda suka yi ta fafutukar hakan.

Na kira Auta na nuna mata. Shekararta 9 yanzu, ta yi tsawo, ba za ka gane ta ba. Da maganar hannunmu ta gida na nuna mata matar, na taɓa kunnena, na kaɗa hannu, wato ita ma ba ta ji. Ta dube ni, ta dubi wayar, ta girgiza kai, ba ta yarda ba. Sai da aka nuno Rose tana magana da hannu bayan rawar. Nan ta ƙwace wayar daga hannuna ta kai ta dab da fuska. Ta nuna ƙirjinta, ta nuna matar, ta haɗa yatsunta biyu wuri ɗaya: ni da ita ɗaya ne. Ranar sai da cajin ya ƙare a hannunta.

Ka san yadda take yi in 'yan mata sun fita gaɗa da farin wata. Tana bin su, amma a gefe take tsayawa, ta zuba wa hannuwansu ido, in ta yi tafi sai ya zo a makare, yara su yi dariya, ta dawo gida ta kwanta. Satin nan 'yar wana, wadda ta girme ta da kaɗan, ita ma ta kalli bidiyon, sai ta ɓullo da dabara. Ta tsaya bayan Auta tana ɗan bubbuga mata kafaɗa daidai da tafin. Ina daga bakin zaure ina kallo. Da farko ta ɓata, ta sake ɓatawa, can sai tafinta ya faɗa daidai da na sauran, ya kuma zauna. Aka jawo ta tsakiyar da'ira, ta faɗa baya suka cafe ta kamar kowace yarinya. Uwarta tana leƙe ta kan katanga, ta rufe baki da gefen mayafi. A bikin da aka yi bayan nan kuma mai kalangu ya bar ta ta ɗora tafin hannunta a jikin gangar yana kaɗawa, tana ta dariya tana gyaɗa kai daidai da bugun.

Na 2024 ma na kalla. Wani makaho ne ya ci, Chris McCausland, mai ban dariya ɗan Libaful, wanda ciwon ido na gado ya raba shi da ganinsa yana saurayi. Malamarsa Dianne Buswell, 'yar Ostireliya, ba ta da halin ta ce masa duba ka ga yadda nake yi. Sai dai ta kama ƙafarsa ta ajiye inda ya dace, ko shi ya shafa ya ji yadda ta tsaya, a yi ta maimaitawa. Mutumin da bai taɓa ganin rawar da yake yi ba, ya juya, ya ɗaga ta, ya tsaya cak inda ya kamata. Ni abin da na fi kallo a nan malamar ce. Na san wahalar koya wa yaro mai ido da kunne baƙi da wasali, balle wannan.

Shi ya sa na kasa barci. Mu a nan in Allah ya jarrabi yaro da makanta, abin da ake fara nema masa shi ne sanda da ɗan jagora da ƙoƙon bara. Kurma kuwa in namiji ne a tura shi gona ko ga-ruwa, in mace ce ta yi ta daka da wanke-wanke har a samu wanda zai taimaka ya aure ta, kamar alfarma aka yi mata. Ba rashin ƙauna ba ne, muna ƙaunarsu. Mun dai yanke musu iyaka tun ba a gwada su ba. Alhali tun Janairun 2019 shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, amma je ka tambayi mutum goma a kasuwarmu ka ji wa ya san da ita. A ajina ma Auta tana zama, tana kwafar duk abin da na rubuta a allo da rubutu mai kyau fiye da na kowa, amma ma'anar ba ta isa gare ta, domin ni ban iya hanyar da zan isar mata ba. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ba rawa nake so ta koya ba, Allah ya sani. So nake ta samu malamin da ya san harshenta, ta yi karatu, ta san addininta da kyau, ta iya rubuta abin da ke ranta.

Na yanke shawarar kai ta makarantar kurame. Akwai ta Haɗeja, akwai kuma ta Tudun Maliki a Kano, inda ake koyar da kurame da makafi. Na fi karkata ga Haɗeja don ta fi kusa, zan iya leƙa ta ranar da ba makaranta. Uwarta ta amince, da kuka dai amma ta amince. Inna ce ta kafe. Ta ce yarinya mace, ba baki ba kunne, in an cuce ta a can wa za ta gaya wa? Tsoronta gaskiya ne, ni ma yana raina. Na ce mata ai yanzu ma da take gabanmu, in wani abu ya same ta, rabin bayaninta kawai muke ganewa, can kuwa za ta samu hannu da alƙalamin da za ta faɗa duka. Ta yi shiru, amma ba ta ce to ba. Ba kuma zan ɗauki yarinyar nan in fita da ita ba tare da albarkar Inna ba.

A nan nake neman taimakonka. Ka san tana jin maganarka fiye da tawa, tun da can kai ne ɗan gaban goshinta. Don Allah ka kira ta a wayar ƙanena ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin tana zaune ba hidima. Kada ka kawo mata zancen rawa ko kaɗan, in ta ji daga nan maganar ta samo asali to an gama. Ka yi mata ta fuskar karatu da addini, ka tuna mata kai ne ka kai yarinyar asibiti, kana da hakki a kanta. Sannan in ka samu sarari ka tambaya mini a manyan asibitocin nan naku ko ana gwajin kunne, da kuɗin na'urar da ake maƙalawa. In akwai sauran ji ko kaɗan ne a kunnenta na hagu, kamar yadda uwarta ke zato don tana waiwayawa in an yi tsawa, ragowar riɗin nan da na ajiye saboda shi ne.

Ka gaishe da uwargida da yara, da duk 'yan garinmu da ke nan wajenku. In za ka zo da sallah ka sanar da ni da wuri in sa a gyara maka ɗakin zaure. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare mana ku, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka na gida.